Na makara da awa uku wajen tura fom ɗin jami'a a Malesiya, akwai sauran dabara?

Ɗan Tudun Jukun:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun daren Juma'a ban yi barcin kirki ba, kuma har yanzu ban iya buɗe baki na faɗa wa kowa a gida ba. Shi ya sa na kawo maganar nan, ko Allah zai sa a samu wanda irin wannan ta taɓa faɗa masa.

Wata bakwai ke nan ina shirin neman gurbin digiri na biyu a wata jami'ar gwamnati a Malesiya, fannin injiniyancin ruwa, haɗe da tallafin karatu da suke bai wa 'yan ƙasashen waje. Fom ɗaya ne, in ka cike na gurbin sai ka latsa wajen da ke nuna kana neman tallafin. Tun da na gama bautar ƙasa koyarwa nake yi a wata makarantar kuɗi a nan Zariya, lissafi nake ɗauka, kuma kowa ya san abin da ake ba malamin makarantar kuɗi a ƙarshen wata. Kuɗin jarrabawar IELTS, ta gwajin Turanci, ma yayata ce ta biya, da kwasar adashinta da ta yi niyyar sayen firiza ta riƙa ƙulla zoɓo da kunun aya. Takardar sakamakon digirina kuwa wata biyu na yi ina zarya kafin ta fito.

A sanarwarsu an rubuta za a rufe ranar 31 ga Mayu, ƙarfe 11:59 na dare, sai wasu haruffa uku a gaba, MYT. Ba zan ce ban gan su ba, na gan su sarai. Na ɗauka wata lambar sashe ce ko sunan zangon karatu. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa agogo ake nufi ba.

Tun ranar Talata na ɗora komai, na biya kuɗin fom, abu ɗaya ya rage, wasiƙar shaida ta biyu daga wani malamina da ya yi tafiya. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci, wajen biyu da kwata, sai ga ta ta shigo ta WhatsApp. Nan ne inda abin ke ci mini rai. Da gida na nufa, minti goma ya ishe ni. Amma ranar ake walimar auren abokina a Sabon Gari, ni ne kuma babban aboki, sai na ce ai har sha biyun dare nake da ita, bari a sallami baƙi tukuna. Na dawo bayan magariba, na yi isha'i, har shayi na dafa. Ƙarfe 8:15 na buɗe kwamfuta, na ɗora wasiƙar, na gangara ƙasa in tura, sai na tarar maɓallin ya yi toka-toka ba ya latsuwa. A samansa an rubuta da ja cewa an rufe. Na sake buɗe shafin ya fi sau ashirin, na canza layi, na gwada a waya. Sai can na nemi ma'anar haruffan nan, na ga agogon Malesiya ne, kuma a can har ukun dare ta wuce, Asabar ta shiga. A agogonmu tun 4:59 na yamma aka rufe, lokacin ina tsaye da faranti ina rabon shinkafa. Malamin lissafi guda, awa bakwai ta kayar da ni.

To yanzu in rubuta musu ne, ko ɓata lokaci ne? In zan rubuta me zan ce? Wani abokina ya ce in ce musu intanet ce ta ɗauke a garinmu tun safe, wai sun san halin da muke ciki za su tausaya. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma kuma in na ce walima na tafi ai dariya za su yi. Sannan kuɗin fom ɗin ya tafi ke nan?

Baƙon Selangor:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Shekarata ta huɗu ke nan a nan Malesiya ina digiri na uku, kuma ba kai ne na farko da na ji wannan labarin daga bakinsa ba, don haka ka share hawaye mu yi abin da zai yiwu.

Agogon nan awa 8 yake gaba da GMT, namu na gida awa 1, tsakani 7 ke nan, kuma ba ya motsi rani da damina domin su ma ba sa canza agogo kamar Turawa. Yanzu da nake maka rubutun nan sha ɗayan daren Lahadi ta yi, ku kuwa yanzu kuke idar da la'asar. Wannan lissafin da ya kayar da kai shi za ka yi amfani da shi gobe. Ofisoshin jami'a suna buɗewa takwas na safe, ɗayan dare ke nan a wajenku, su tashi biyar na yamma, goman safe a wajenku. Saboda haka imel ɗinka ya tafi yau kafin ka kwanta, ya zama yana sama-sama in sun zauna. In za ka kira, kada ka kira da ka idar da asuba, shida na safe a Zariya ɗayan rana ce a nan, duk sun fita cin abinci da azahar. Ka bari sai bakwai zuwa tara. Ka kuma duba jihar da jami'ar take, domin jihohi irin su Kelantan da Terengganu da Kedah Juma'a da Asabar suke hutu, Lahadi ranar aiki ce a wajensu. In a can take, yau ma ka yi asarar yini guda.

Maganar ƙarya kuwa ka jefar da ita. Ba wa'azi nake maka ba, dabara ce marar amfani. Shafin yana ajiye lokacin da ka shiga da lokacin da ka ɗora kowace takarda. Mai karanta imel ɗinka zai ga ka ɗora wasiƙa 3:15 na dare a agogonsu, ya gane abin da ya faru kafin ya gama layin farko. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mutumin da za ka yi wa ita shi ne wanda kake neman alfarma a hannunsa. Ba sai ka ambaci walima ba, ba wanda ya tambaye ka. Ka ce ka ɗauki lokacin rufewa a agogon Najeriya, kuskuren naka ne, ka makara da awa uku da 'yan mintoci. Shi ke nan. Ka sa lambar fom ɗinka da lambar fasfo da sunan kwas ɗin a kan saƙon, ka haɗa rasit ɗin biyan kuɗi mai kwanan watan Talata, da hoton shafin da ke nuna duk takardu sun hau. Layi shida ko bakwai ya isa. Mutanenmu in za su nemi alfarma sai su fara tun daga tarihin kakanni da halin da ƙasa ke ciki, ma'aikacin da ke da saƙo ɗari a gabansa ba zai kai ƙarshe ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, abu biyu ka rasa ranar Juma'a, kuma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Gurbin karatu yana hannun ofishin ɗaukar ɗalibai, su suna son ɗalibi, ballantana ɗan ƙasar waje, kuma galibin jami'o'in nan sau biyu suke ɗauka a shekara, wajen Satumba ko Oktoba, sai kuma Fabrairu ko Maris. Mayar da fom zuwa zango na gaba ba wani abu ba ne mai wuya a wajensu. Tallafin kuwa kwamiti ne, masu nema sun ninka guraben, duk wanda ya makara ya rage musu aiki ne. Ban taɓa ganin an buɗe wa wani wannan ƙofar bayan an rufe ba. Don haka ka roƙi abu biyun a rarrabe: a karɓi fom ɗin duk da makarar, in hakan ba zai yiwu ba a mayar da shi zango mai zuwa ba tare da ka sake biya ba. In ka cakuɗa su, a'a guda ɗaya za ta kwashe duka.

In mace ta ɗauki waya ka ce mata Puan, in namiji ne Encik. Ƙaramin abu ne amma suna jin daɗinsa.

Gwanin Waya:

Oga me zai hana ka mayar da agogon kwamfutarka baya zuwa ranar Alhamis, ka sake buɗe shafin? Ko ka sa VPN na Amurka tunda su suna bayanmu. Na taɓa yi wa wata manhaja haka ta ci gaba da aiki.

Baƙon Selangor:

Gwani, shafin ba agogon kwamfutarsa yake kallo ba, na uwar na'urar jami'ar yake bi. Ko 1999 ya mayar da tasa, a can Litinin za ta waye. Kada ma ya gwada, kar a ga wani motsi a asusunsa da zai sa a yi masa kallon mai wayo.

Sarkin Fawa:

Ni dai zan faɗi wadda ba a so. Ɗan'uwa, ba agogon Malesiya ne ya cuce ka ba. Wata bakwai kana shiri, me ya kai ka ranar ƙarshe? A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ko da agogonmu ɗaya da su, wa ya ba ka tabbacin ba za a ɗauke wuta ba, ko hadarin ƙarshen Mayu ya taso ya tafi da sabis, ko shafin ya cushe saboda kowa ranar yake turawa? Malamin da ya riƙe maka wasiƙa tun sati biyu da suka wuce ya kamata ka tare a ƙofar gidansa, ko ka nemi wani. Ka yi haƙuri da zafin maganar, na ga kowa lallashi zai yi. Allah ya ba da mafita.

Ɗan Tudun Jukun:

Sarkin Fawa ba ka faɗi ƙarya ba, na karɓa. Abin da zan ce kawai, mutumin ya koyar da ni shekara uku, shi ya duba aikina na ƙarshe, ba na iya matsa masa fiye da kiran da na riƙa yi. Amma ko da hakan, wasiƙar ta zo da sauran awa biyu da minti arba'in da wani abu. Yaya Baƙon Selangor na gode ƙwarai, yanzu zan zauna in rubuta. Jami'ar ba ta cikin jihohin da ka lissafa.

Maman 'Yan Biyu:

Ɗana, sannu. Shekara goma sha ɗaya ina kula da ɗaliban ajin ƙarshe a wata sakandare a Kano, masu neman karatu a waje ta teburina suke bi, don haka bari in ƙara kaɗan saboda masu karantawa da ba su kai ga nasu ba tukuna.

Abin da ke ba ni mamaki, mu Hausawa mun fi kowa jin maganar bambancin agogo. Da rediyo muka tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya kuskure shirin safe na BBC, kullum kuma sai mai gabatarwa ya ce ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe kaza agogon GMT da Ghana. Duk wanda ya taɓa kiran alhajinsa a Makka ya san awa biyu suke gabanmu, muna kallon su a talabijin suna magariba mu ko rana ba ta yi sanyi ba. Amma da an rubuta shi a fom da haruffan Turanci sai ilimin ya gudu.

Abin da nake gaya wa yarana shi ne su fuskanci alƙibla. Galibin ƙasashen da ke gabas da mu rana ta riga fito musu, ta riga faɗuwa, kuma za su riga mu rufe ƙofa. Sha biyun daren Turkiyya da Saudiyya goman darenmu ce. Ta Indiya 7:30 ce, har da rabin awa a ciki, domin su awa huɗu da rabi suke gabanmu. Ta Sin da Malesiya biyar ɗin yamma, ta Japan huɗu. Kuma ka lura, nan ne yaranmu na Arewa suka fi nema, shi ya sa abin ya fi cin mu. Masu neman Amurka da Kanada kuskuren ma gyara musu yake yi: sha biyun daren New York biyar ko shidan asubar gobe ce a nan, ta Kalifoniya takwas ko taran safe. Mai irin sakacinka da can ya nema, da ya tura fom ɗinsa lafiya lau bai ma san an yi wani abu ba.

Sai dai su ma Turawan suna da nasu tarkon. Suna matsar da agogo sau biyu a shekara, Ingila a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, Amurka a Lahadi ta biyu ta Maris da ta farko ta Nuwamba, ba ma rana ɗaya ba. 'Yan gidan kallon ƙwallo sun fi malamai sanin wannan, wasan da ake take wa ƙarfe uku a Agusta shi ke komawa huɗu a Disamba, ba wanda ya taɓa makara kuma. UCAS, wadda ake neman digirin farko a Birtaniya ta hannunta, ƙarfe shidan yamma take rufewa ba sha biyun dare ba. Ranar 15 ga Oktoba, ta masu neman likitanci da Oxford da Cambridge, shidan nan daidai take da tamu, ta watan Janairu kuwa bakwai ce a nan. Common App, wadda ake neman jami'o'in Amurka ta hannunta, ita da agogon garin da ɗalibi yake zaune take aiki, amma ko nan ina sa yara su karanta shafin kowace jami'a, domin neman tallafi da sauran takardu sukan zo da nasu lokacin dabam.

Wanda ya fi ƙona mini rai ba ma bambancin ƙasa ba ne. Wata tsohuwar ɗalibata ce, yarinya mai kai, tana neman wani tallafin digiri na biyu a Ingila. An rubuta 12:00 GMT. Ta yi lissafinta daidai, ta ƙara awa ɗaya, ta ce ɗayan dare ke nan. Ashe sha biyun rana ake nufi. Ta dawo daga aiki da yamma ta tarar an rufe tun azahar. Wanda ya rubuta 12:00 a tsarin awa 24 tsakar rana yake nufi, tsakar dare 00:00 ce ko 23:59. Tun daga ranar, kowane yaro a littafinsa kwana uku kafin ainihin ranar nake sa ya rubuta, kuma ba na gaya musu ta gaskiyar sai sun tura.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba. Ka je ka faɗa wa yayarka, yau, kada ka jira amsar imel. Na san abin da kake lissafawa, in sun amince sai ka binne maganar ba wanda ya ji. In kuma ba su amince ba fa? Za ta riƙa tambayarka ya ake ciki kana cewa ana jira, wata uku, wata huɗu, ranar da ta gane kuwa ba makarar ce za ta yi mata ciwo ba. Wadda ta ba ka kwasar adashinta ta cancanci ta ji daga bakinka tun abin yana ɗanye. Sakamakon IELTS shekara biyu yake aiki, kuɗinta bai faɗa rijiya ba, ka fara mata da wannan.

Ɗan Tudun Jukun:

Jama'a na dawo da bayani, yau Laraba. Na tura imel ɗin daren Lahadi kamar yadda Yaya Baƙon Selangor ya tsara, layi bakwai. Litinin bakwai da minti goma na safe na kira, wata mata ta ɗauka, na ce Puan, har ta yi 'yar dariya. Ta nemi lambar fom, na ji tana danne-danne, ta ce ta ga komai ya hau, in jira amsa a rubuce. Katin dubu ɗaya da na sa bai kai ƙarshen sallama ba.

Amsar ta shigo jiya ƙarfe 2:40 na dare, ina farke. Sun mayar da fom ɗina zangon Maris, ba sai na sake biya ba. Tallafin kuwa sun ce an riga an miƙa sunaye ga kwamiti, sai dai in sake nema baɗi. Yadda aka faɗa a nan haka ya kasance, ba ƙari ba ragi. Gurbi ba tallafi a wajena kamar an ba ni doki ne ba linzami ba ciyawa, amma dai IELTS ɗina a Fabrairu na rubuta, zai kai.

Mama, na bi maganarki, tun Lahadin na je gidan Yaya bayan isha'i. Na fara da maganar shekara biyun kamar yadda kika ce, ta ce in bar kewaye-kewaye. Da na gama ta yi shiru har na fara jin kukan sauro, sannan ta ce, to shinkafar walimar dai ta yi daɗi ko? Mijinta ya fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Da zan tafi ta ce in kawo mata ranar rufewa ta baɗi a rubuce, ita za ta riƙe, kuma daga yau in ina da fom a hannu ko auren wa ake ba ni ba zuwa. Baba ban faɗa masa ba tukuna, ta ce in bar mata wannan.

Yaya Baƙon Selangor, a ƙarshen saƙon nasu sun ce in ina so in koma tsarin bincike zalla, wanda ake nema kowane lokaci a shekara, amma sai na samu malamin da zai karɓe ni tukuna, kuma wai wasu malaman suna da kuɗin bincike da suke ɗaukar mataimaki da shi. Na duba sashen na ga mutum uku da ke aiki a kan ambaliya da magudanan ruwa, abin da na yi aikina na ƙarshe a kai ke nan. Ana rubuta wa duka ukun lokaci ɗaya ne, ko ɗaya bayan ɗaya? Kuma in haɗa da tsarin binciken tun a saƙon farko, ko in bari sai wani ya amsa?